Malam Dabo, Wanda Ya Mayar Da Mu Kan Keke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, bakwai ga watan Mayu na shekarar 2025, Allah ya karɓi ran Malam Dabo Nagoda a gidansa da ke Tudun Wada, Zariya, bayan jinyar 'yan makonni. Ina wurin aiki a maɗaba'a babban ɗansa Haidar ya kira ni ya faɗa mini. Na kashe inji, na zauna a kan tarin takarda, na daɗe ban iya tashi ba.

Malam, mutanen Tudun Wada sun san ka da koyarwa. Ka koyar a firamare har ka yi ritaya, kuma ba a rasa ɗalibinka a kowane layi na unguwar nan. Amma mu masu hawan keke, ta wata ƙofa muka san ka, ita nake so in rubuta.

Tun kana saurayi keke ne abin hawanka. Da 'ya'yanka suka kawo ƙarfi sun so su saya maka babur, ka ce a bar ka da abin da ba ya shan mai. Wata rana bayan magariba kana dawowa daga ɗaukar karatu a Tudun Jukun, da riga shuɗiya mai duhu, ba fitila a keken, wata mota ta kwashe ka ta baya. Ka karye a cinya, ka daɗe a kwance. Mai motar, Alhaji Sharfaddeen, bai gudu ba. Shi ya kai ka asibiti, ya tsaya a bakin gadonka yana hawaye yana cewa, "Wallahi Malam ban gan ka ba."

Da yawa in aka ce musu haka sai su ɗauka neman wanke kai ne. Kai kuwa ka ce masa, "Na yarda, Alhaji. To tunda ba ka gan ni ba, ke nan akwai irina da yawa da ba a gani."

Ka tashi da ɗingishi, amma ka koma kan kekenka. Daga nan ƙofar gidanka ta zama matattarar masu keke duk safiyar Asabar. Kana liƙa musu tef mai ƙyalli a bayan keke da jikin feda, kana duba birki, kana ɗaura jar fitila a ƙarƙashin sirdi. Alhaji Sharfaddeen shi ke kawo fitilun, har kuka zama aminai. 'Yarka Mahbuba kuma tana daga cikin gida da keken ɗinkinta, tana ɗinka ƙyalle mai ɗaukar haske a bayan rigar duk wanda ya kawo. Da farko an yi ta dariya. Wani ya ce ka mai da dattawan unguwa kamar ma'aikatan gyaran titi. Ka ce ai gara a gan ka a yi dariya da a rasa ganinka a yi kuka. Mai maganar shi ma daga baya ya turo nasa keken.

Ni ban zo ba a lokacin. Ina wucewa ta ƙofar gidanka in gaishe ka in yi gaba, don hawana na rana ne, ina ganin fitila ba ta shafe ni ba. Nawa hatsarin da rana tsaka ya same ni a Kwangila. Wata mota ta sha gabana za ta karya kwana, na daki gefenta, na faɗi da kafaɗa, kaina ya bugi kwalta. Mutane suka ɗaga ni, na karkaɗe riga na ce lafiya lau, aka kawo ni gida a keke mai ƙafa uku.

Ba a jima ba sai ga ka da sandarka, labari ya iske ka a masallaci. Mahaifiyata, Inna Rakiya, ta riga ta aika a kira mai ɗori. Ka durƙusa ka gaishe ta, ka dube ni da kyau, ka tambaye ni ko na yi amai. Na ce eh. Ka juya gare ta ka ce, "Inna, kafaɗa za ta iya jira, amma kai ba ya jira. Ki ba ni shi mu je a ɗauki hoto." Ta ce a tafi. A asibiti aka kwantar da ni, likita ya ce buguwar ba ta wasa ba ce, da an kwana da ni a gida da labarin ya sha bamban. Inna ba ta daina sa ka a addu'a ba tun daga ranar.

Ƙashi ya warke, amma akwai abin da hoto bai nuna ba. Ko a ƙafa nake tafiya, in na ji ƙarar mota a bayana sai gumi ya keto mini. Na jingine keken a zaure har tayoyinsa suka sace. Na fara makara wurin aiki, maigidana ya fara maganar neman wani, ga iyali a wuyana. Ban faɗa wa kowa ba, don ina jin kunyar a ce magidanci yana tsoron keke. Kai ka gane. Ka zauna da ni a dakali ka ce, "Salmanu, ni ma na yi wannan tsoron. Ba raunin imani ba ne, ciwo ne, kuma yana warkewa."

Washegari da sassafe ka sa aka yi wa keken iska, ka kai ni filin makaranta inda ba mota ko ɗaya. Ina zagaye, kana tsaye kan sanda kana kallo. Da na saba, muka koma lungunan Dutsen Abba. Ranar da muka hau babban titi kuwa, ka ce in shiga gaba, kai ka biyo ni a baya, don duk motar da za ta zo ta fara iske ka. Dattijo mai ɗingishi ya sa bayansa tsakanina da abin da nake tsoro. Ka koya mini in miƙa hannu kafin in juya, in daina maƙalewa a bakin kwata inda direba ba ya lura da ni, in nemi idon direba kafin in tsallaka mararraba. Hular kwanon da nake sawa yau ma kai ka tsaya a kaina sai da na saye ta.

Ba ni kaɗai ba ne. A maƙabarta na ga mai kai burodi, da mai sayar da itace, da ɗaliban ilimi, kowa da irin labarina. Sai ranar na san yawanmu.

Zuwana na ƙarshe duba ka, ka rame ƙwarai, muryarka ba ta fita sosai. Na zaci za ka yi mini zancen jikinka. Sai ka ce ka ji an buge wani magidanci mai suna Adnan a hanyar Tudun Jukun, ƙafarsa ta karye, kuma ya rantse ba shi ba keke har abada. Ka ce, "Kada ka yi masa wa'azi. Ka je ka zauna da shi kawai, ka ba shi labarinka."

Na je, Malam. Bayan an share makoki na koma, kuma ina komawa. Jiya ya taka ƙafar har zaure ba tare da an riƙe shi ba, ya tsaya yana kallon kekensa da ya lanƙwashe, ya tambaye ni ko yana gyaruwa. Na ce masa yana gyaruwa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Hajiya Ummuhani, da 'ya'yansa Haidar da Mahbuba da ƙannensu, da amininsa Alhaji Sharfaddeen, da dukkan jama'ar Tudun Wada. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Dabo, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa ɗingishin da ya yi da raɗaɗin da ya sha su zama kaffara, ka sa duk wanda ya isa gida lafiya ta sanadinsa ya zama nauyi a mizaninsa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.