Littattafai Tara na Mai Yankan Tikiti

Shekara talatin da ɗaya ya yi a bayan tagar tashar mota yana yankan tikiti, har sunan aikin ya bi shi gida. A wannan kujera, tsakanin tashin wata mota da cikar wata, ya rubuta littattafai tara na labarai don matasa. Yanzu ya yi ritaya, gwiwa ta ƙi, ido ma sai da tabarau.

Ranar Talata mai maɗaba'a ya kira shi. Yana bukatar ɗakin ajiyarsa, inda kwalayen littattafan suka shekara goma suna shan ƙura. Wata mai kula da laburaren makarantu ta yarda ta karɓi littafi ɗaya tak ta raba wa ɗalibai, sauran kuwa masu naɗe kaya za a ba.

"Baba, rubuto mata bayanin kowanne a shafi guda, ka ja layi a ƙarƙashin wanda ka zaɓa," in ji shi.

Da hantsi mai yankan tikitin ya baje littattafan tara a kan tebur, matarsa na gefe tana guga. Ya rubuta: na farko, yaro ya gudu daga gida, ya dawo. Na biyu, yarinya ta gudu, ta dawo. Da ya kai na biyar sai ya ajiye biro.

"Karanta min," ta ce. Ya karanta. Ta yi dariya har ta jingine dutsen guga. "Malam, ashe labari ɗaya ka yi ta sauya wa riga! Su dai yaranka ba su da aiki sai gudu."

Bai musa ba. Su ya riƙa gani ta tagar nan: 'yan shekara goma sha biyar da ƙaramar jaka, suna neman tikitin ko'ina. Ya sayar musu, don aikinsa ke nan. A takarda ne kawai yake iya dawo da su.

Na bakwai ne ya bambanta. A ciki yaron bai dawo ba, uwarsa kuma ta ci gaba da zuwa tasha tana tambayar direbobi. Ya san shi ne mafi kyau, shi ne kuma gaskiyar abin da ya gani. Ya faɗa wa matarsa haka.

"To ka zaɓe shi mana," ta ce.

"Wa zai karanta? Yaron da ya riga ya haɗa jakarsa. In gaya masa babu hanyar komawa?"

Ya daɗe yana shafa bangon na bakwai. Sannan ya ja layi a ƙarƙashin na uku, wanda babinsa na tsakiya ke jan ƙafa, amma yarinyar cikinsa ta samu ƙofa a buɗe. Ya miƙa wa matarsa takardar.

"Ki kai wa mai maɗaba'a. Ƙafata ba za ta iya hawa benensa yau ba."