Lubna Ta Fita Neman Mai Kushe

Tun tana ƙarama, Lubna 'yar Alhaji Sanda ta Unguwar Rimi ba ta iya ganin abu a inda aka ajiye shi ta ƙyale. Tana firamare ta sauya wa kayan kicin ɗin mahaifiyarta wuri, wai ludayi ya yi wa tukunya nisa. Ta sha duka. Har yau ludayin yana nan inda ta mayar da shi, kuma ba wanda ya sake tayar da maganar.

Da ta girma ta karanta ilimin zamantakewa a jami'a, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo gida ta shiga sahun masu digirin layinsu da ke jiran rabo. A wannan zaman ne ta gano cewa ciwon da ke damunta tun yarinta sana'a ce mai suna, har kamfanoni na ɗaukar mutane a kanta: a zauna a tsara manhajar waya yadda mai amfani da ita ba zai ɓata a ciki ba, ba zai yi tsaki ya rufe ba. Ta koya a tsohuwar kwamfutar gidan, tsakanin ɗauke wuta da kawo wuta.

Alhaji Sanda ya ƙare aikin gwamnati da mutuncinsa da hawan jininsa. In abokansa na masallaci suka tambayi abin da yarinyar ke yi, sai ya ce, "Tana harkar kwamfuta," ya yi maza ya sako wata maganar. A gefe kuma ya riga ya ga wani tsohon yaronsa da ya zama darakta, an ce akwai kujera a sashen ajiye fayil. Lubna ta je ta ga kujerar. Ta ga matar da ke kujerar kusa tana ɓare gyaɗa cikin natsuwar wadda ba ta jiran komai daga duniya. Ta dawo gida ba ta ci abincin rana ba.

Sai ga wani ƙaramin kamfani a Doka ya kira ta intabiyu. Uba da 'ya suka yi yarjejeniya a gaban Hajiya Hansai, uwar gidan: in kamfanin ya ɗauke ta, shi ke nan, in bai ɗauka ba, za ta hau kujerar fayil, ba ƙorafi.

Kamfanin ya ba ta aikin gwaji. Aka ce ta zana manhajar da mutum zai yi odar a zo a cika masa tukunyar gas, ta ba mutane su gwada, sannan ranar intabiyu ta zo ta faɗi abin da suka kushe da yadda ta gyara. Zanen bai ba ta wuya ba. Kushen ne ya gagara.

Ta fara da mahaifinta. Ya sa tabarau, ya miƙe hannu da wayar kamar mai karanta sanarwar gwamnati, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Madalla."

"Baba, ina ne ya ba ka wahala?"

"Babu. Allah Ya yi albarka."

Hajiya kuwa, da yake Lubna ce 'yar farinta, ko sunanta ba ta kira, balle ta tsaya yin sharhi a kan aikinta. Ta leƙa allon daga nesa ta ce, "Ku dai kuka sani," ta ci gaba da tsince shinkafa.

Lubna ta sa mayafi ta shiga maƙwabta. Anti Harira, malamar asibiti mai ritaya, ta karɓi wayar da hannu biyu, ta daddanna, ta tsinci kanta a shafin da ta fara, ta ce, "Ma sha Allah! Ke kika yi wannan da hannunki? Kai, 'ya'yan zamani!" Ta kawo mata zoɓo. A gida na gaba aka ce ya yi kyau, aka kawo kunun aya. Wata matar ma ba ta taɓa allon ba, ta yi addu'ar Allah Ya kawo miji nagari. Lubna ta roƙe su. Ta ce don Allah su faɗi aibu, aibun take nema, da shi za a ɗauke ta aiki. Suka yi dariya, suka ce yarinyar Alhaji akwai tawali'u.

Mutanen layin ba maƙaryata ba ne. Kawai dai ba a haife su su dubi idon 'yar maƙwabci, wadda suka ci tuwon sunanta, su ce mata aikinta bai yi ba. In akwai magana, sai bayan ta fita, kuma wannan ɓangaren ba a gayyatar mai shi.

Ranar intabiyu na matsowa, Lubna ta koma kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ta shiga ɗaki, ta fito tsakar gida, ta buɗe kwamfuta, ta rufe. Ta goge rigar da za ta sa, ta sake gogewa. Ta mayar da maɓallin oda daga shuɗi zuwa kore, ta mayar da shi shuɗi. Ta tsaya gaban madubi tana gwada cewa, "Duk waɗanda suka gwada sun yaba," ta ji yadda maganar ke faɗuwa ƙasa tun kafin ta kai madubin. Ta yi tunanin ta ƙirƙiro kushen da kanta, sai ta tuna za a tambaye ta wa ya faɗa, ita kuma in ta yi ƙarya hancinta zufa yake yi. A kicin ta fara sauya wa robobin yaji wuri.

"A bar mini kayana," in ji Hajiya, ba ta ɗago ba. "In zagi ake nema, ai ba a rasa mai yi a dangi ba. Ga ɗan Hasiya can a Malali."

Lubna ta tsaya da robar a hannu. Sama'ila ɗan Gwaggo Hasiya, ƙanwar mahaifinta, taubashinta ne. Tsakaninsu al'ada ta halatta abin da ta haramta wa kowa, kuma shi tun suna yara bai taɓa barin wannan haƙƙi nasa ya kwana ba. Ta tare Keke Napep.

Ta same shi ya dawo daga ofis, yana zaune a baranda da singileti.

"A'a, Injiniya! Yau kuma wace masifa aka ƙera?"

"Riƙe nan, sarkin surutu. Gas ɗinku ya ƙare, Gwaggo na jira. Yi oda."

"Wannan launin fa? Kamar rigar 'yan makarantar kwana."

"Na ji. Danna."

Ya kushe launin, ya kushe rubutun, ya kushe digirinta da mayafinta, ya ce hoton tukunyar ya yi kama da ita ranar sallah. Nan Lubna ta ga ta gudu daga masu yabon komai ta faɗa hannun mai kushe komai, kuma bakinsa bai fi nasu amfani ba. Sai ta bar bakin, ta zuba wa babban yatsansa ido. Shi Sama'ila ba ya jin kunyar ta ga ya kasa, don haka bai miƙo wayar da sauri ba kamar sauran. Yana ta danna hoton tukunyar, maɓallin na ƙasa yana kallonsa.

"Abin naki ya mutu," ya ce.

"Maɓallin na ƙasa."

"To uban wa ya ce ki sa tukunya ƙatuwa haka in ba ita za a taɓa ba?"

"Kawunka," in ji ta, tana rubutawa.

Da ya kai inda ake zaɓar kilo, ya ɗaga murya. "Umma! Tukunyarmu kilo nawa ce?"

"Babbar ce!" in ji Gwaggo daga ciki.

A wurin adireshi ya tsaya. Manhajar na neman lambar gida, shi kuwa a gidan aka haife shi bai taɓa jin an kira lambar ba. Ya ce in ana so mai gas ya iso, a rubuta bayan masallaci, gida mai baƙin ƙyaure, kusa da mai shayi. Ya ƙara da cewa ko akuyar gidansu ta san wannan. Lubna ta rubuta har da akuyar, daga baya ta goge ta.

Ta gyara. Hoton tukunya ya zama shi ne abin dannawa, kilo ya koma babba da matsakaiciya da ƙarama, wurin adireshi ya sami filin kwatance. Da Sama'ila ya zo gaida kawunsa washegari, ta ji su ta taga. Alhaji ya rage murya yana cewa, "Ni ma fa tukunyar nan na yi ta dannawa. Na ɗauka yatsana ne."

Ranar intabiyu mutum biyu ta tarar: wata mata mai suna Yasmin, shugabar sashen zane, da wani Idris mai haɗa manhajar, wanda fuskarsa ta nuna bai karya ba. Lubna ta nuna zanen farko da na biyu, ta faɗi yadda unguwa guda ta yaba mata, da yadda ta je Malali aka zage ta. Yasmin ta yi murmushi ta ce, "Ma sha Allah, ya yi kyau."

Lubna ta san farashin wannan kalma a Kaduna. Ta fara hango kujerar fayil da gyaɗa.

Sai Idris ya jawo kwamfutar. Ya ce rubutun ya yi ƙanana ga tsofaffi. Ya ce in mai gas bai zo ba, ina mutum zai danna? Ya ce mutum ɗaya tal ne ya gwada da gaske, kuma ɗan'uwanta ne. Yasmin ta ajiye murmushin ta shiga ita ma, suka yi wa zanen filla-filla. Lubna ta gyara zama, ta amsa wanda za ta iya, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Rabonta da jin daɗi haka tun ranar da aka kira ta.

Da la'asar ta tarar da Alhaji a falo, waya a gefensa.

"Yaya aka yi?"

"Sun kushe shi, Baba. Ba abin da suka bari."

Ya ce haka Allah Ya so, ya ɗauki wayar yana laluben lambar darakta.

"Sun ce in zo ranar Litinin in fara gyarawa."

Alhaji ya dubi wayar, ya dube ta. A duk shekarunsa na aiki bai taɓa ganin an ɗauki mutum don an kushe shi ba. Ya ajiye wayar a hankali.

"Madalla," ya ce.

Lubna ta dubi babban yatsansa, ta ga ya bar lambar. Daga kicin Hajiya ta ɗaga murya tana tambayar wanda ya san inda aka kai mata daddawa.