Wace Ƙasa Yake Nufi?

Ranar da jandarmomi suka zo tasharmu ta bayan garin Agadez ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin fari ne, dabbobi na mutuwa a bakin hanya, sojoji kuma na riƙe da mulki.

Ku sabbin ma'aikata da kuka tarar da komai a kan allo ba ku san aikin da ba. Na'urar auna girgizar ƙasa takarda take zana wa layi. Kullum da safe ni ƙaramin ma'aikaci in canza takardar, shugabana Malam Alhusaini, mutumin Dabaga, ya ƙirga motsin da allura ta kama, na kusa da na nesa.

Wani bature mai bincike ya taɓa nuna mana abin da muke ƙirgawa. Ya ɗaura wa dutse igiya mai miƙewa, ya yi ta ja a kan katako. Dutsen ya cije, ya cije, sai ya zame gaba ɗaya. Ya ce haka tsagar duwatsu take a ƙarƙashinmu: ƙananan motsi ba iyaka, babba jefi-jefi, lissafi yana faɗin yawansu amma ba ya faɗin rana.

Malam Alhusaini ga shi da son bayani, ko ba a tambaye shi ba. A kasuwa wani ya tsokane shi, ko na'urar tamu ta hango ruwan sama.

Ya ce, "Mu ƙasa muke saurare. Tana cijewa, tana cijewa, amma wata rana sai ta motsa. Babbar tana tahe, ba wanda ya san ranar."

Ina gefensa, har dariya na yi. Bayan kwana biyu jandarmomi suka zo suka tafi da shi.

Kumandansu ya kira ni biro, wato ofishinsa. "Kana wurin. Wace ƙasa yake nufi, wadda muke takawa ko wadda muke mulki?"

Mutum tara ke ci daga aikina a shekarar nan. Na dubi takalman kumandan na ce, "Ranka ya daɗe, ban san abin da ke ransa ba."

Wata bakwai Malam Alhusaini ya yi a kaso, wato kurkuku. Kafin ya fito rijiyar garkarsa ta ƙafe, babu mai yashe ta, iyalinsa sun watse gidajen dangi. Ba a mayar da shi aiki ba. Da na je gaishe shi, bai yi mini gori ba, sai ya tambaya ko ina canza takarda kan lokaci. Bai kai damina ba ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Wannan aiki yana koya wa mutum cewa "ban sani ba", kuma yawanci gaskiya ce, kada ku ji kunyar faɗin ta. Amma ku kula da inda kuke faɗa. Ni ranar nan na sani sarai.