Teburin da Aka Ba Tankifa

Shekara ashirin da uku Tankifa ya yi a bakin ƙofar masaƙa, cikin wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, agogo a bango, babban littafi a gabansa. Ka shigo ya rubuta lokacin shigarka, ka fita ya rubuta. Aikin tankifa ke nan, mai lura da lokaci, shi kuma ya zama sunansa. Sunansa na yanka ma sai ka duba katinsa, don ko matarsa in ta so tsokanarsa Tankifa take ce masa. Siriri ne mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya, amma yana da taurin kai a kan abu guda: ba ya gyara wa kowa lokaci. Ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa makara da minti bakwai, ya tsaya a taga yana "Yaya, don Allah," Tankifa ya rubuta bakwai ɗin nan, da yamma kuma ya bi shi gida ya ba shi haƙuri. Ma'aikata sun zage shi a bayan ido iya zagi. Amma in gardama ta kaure a kan wa ya zo wa bai zo ba, sai ka ji an ce a tambayi Tankifa, abin da ya faɗa an gama.

Sai masaƙar ta rufe yana da shekara hamsin da huɗu. Wata takwas ya yi yana zaune a gida, yana gyara ƙofar da ba ta lalace ba, har matarsa ta ce in bai fita ba zai kwance mata gidan kaf. Rannan ya ga wata takarda liƙe a jikin falwaya: sabon kamfani na neman jami'an kula da ma'aikata, albashi mai tsoka, ba ruwansu da shekaru. Ya karanta sau uku. Kula da ma'aikata dai, ai shi ya yi duk rayuwarsa.

Ofishin yana saman wani shagon taya, ka hau matakala mai duhu ka tarar da ɗaki biyu da kujerun roba. Manajan matashi ne mai ƙyallin takalmi da yawan murmushi, irin mutanen da in sun gaishe ka sai ka shafa aljihu. Minti biyar aka yi ana ganawa. Da yamma aka kira shi a waya aka taya shi murna, wai cikin mutum arba'in, uku aka zaɓa, har da shi. Tankifa ya ajiye wayar, matarsa ta yi ta hamdala.

Washegari aka ba shi jaka. A ciki na'urorin tace ruwa ne, 'yan ƙanana da ake ɗaurawa a bakin famfo, guda goma sha biyu. Aka ce kowane jami'i daga nan yake farawa, sai ya san kaya kafin ya kula da mutane. Kullum da safe a taru a yi da'ira, a yi tafi, a yi ihun "Yau tamu ce!", sannan a raba unguwanni kowa ya bi gida gida. Albashi kuwa babu shi, babu dalilinsa. In ka sayar a yanka maka ɗan wani abu, in ba ka sayar ba ƙafarka ce ta sha, kuɗin motar ma daga aljihunka. Babu wanda ya taɓa faɗa masa haka ɓaro-ɓaro, da kansa ya gane a mako na uku.

Me ya hana shi bari? Kunya, ba wani abu ba. Matarsa ta riga ta sanar da dangi cewa Malam ya samu ofis. Ita ke goge masa riga da kanta, tana cewa babban ma'aikaci ba ya fita a yamutse. Shi kuma ya roƙi a riƙa ba shi unguwanni masu nisa, inda ba wanda ya san fuskarsa. Ba ya iya talla. In mai gida ya tambaye shi ko na'urar tana daɗewa, sai ya ce gaskiya bai sani ba, sabuwa ce. Wani lokaci kwana uku bai sayar da ko ɗaya ba, gwiwarsa ta hagu kuma ta fara kumbura.

Manaja ne ya gano amfaninsa. Ya lura cewa duk sanda masu neman aiki ke jira a kujerun roba suna kallon ofishin da shakka, da zarar dattijon nan ya wuce ya yi musu sallama sai su saki jiki. Ya kira shi gefe.

"Baba, ai ɓata ka muke yi a titi. Daga gobe kai za ka riƙa ganawa da sababbi da safe. Duk wanda ya shiga ta hannunka kana da kaso. Jakar sai da rana, bayan kowa ya watse."

Aka ba shi tebur da biro da fayiloli guda shida, biyar a ciki ba komai. Aka ba shi takarda mai ɗauke da abin da zai faɗa, ya haddace. Ya tambayi mutum burinsa a rayuwa, ya gyaɗa kai, ya ja layi a takarda kamar yana auna shi. Ya ce masu nema da yawa, gurbi kaɗan. In an tambayi albashi, ya ce, "Wannan za a yi maka cikakken bayani a mataki na gaba." In mutum yana da wani aikin a hannu, ya ce horo gobe da safe yake farawa, wanda bai zo ba gurbinsa ya tafi. Da yamma kuma a kira kowa da kowa, ba a bar ko ɗaya, a taya shi murnar yana cikin ukun da aka zaɓa.

Wayon takardar nan shi ne da wuya ka kama ƙarya tsirara a cikinta, komai an lulluɓe shi. Da wannan Tankifa yake lallashin zuciyarsa. Shi dai bai ce akwai albashi ba. Kiran yamman ma ba shi ke yi ba, wata yarinya ce a ɗaya ɗakin. Amma ya sani sarai cewa furfurarsa ake sayarwa, kuma tana ciniki fiye da na'urar.

'Yarsa ɗaya ce a duniya, Auta, tana aure da wani mai gashin burodi. Mutumin kirki ne mai shiru-shiru, shekara shida yana bakin tanda a gidan burodi guda, hannuwansa duk tabon ƙuna. Aikin da wahala, amma ƙarshen wata ba ya fashi, kuma kullum yana dawowa da burodi biyu a leda. Suna da ɗa guda, ga wani cikin ya tsufa. Tun da ya auri Auta bai taɓa haɗa ido da Tankifa ba. Durƙusawa yake ya gaishe shi, kai a ƙasa, in Tankifa ya shigo ɗaki shi ya sulale waje. Irin wannan suruki ba zai iya buɗe baki ya ce Baba ka samo min aiki ba. Sai ya bi ta hanyar da yake ganin ta fi ladabi: ya ga takardar a falwaya, ya cika fom da kansa, bai gaya wa kowa ba.

Wata Talata Tankifa ya ce na gaba ya shigo, ya ɗaga kai, sai ga mijin 'yarsa cikin rigar da ya sa ranar ɗaurin aure. Ya durƙusa a gaban teburin.

"Ina kwana, Baba."

"Tashi ka zauna," in ji Tankifa.

Ƙofar da ke tsakanin ɗakunan a buɗe take kamar kullum, Manaja na zaune daga ciki yana latsa waya, kunnensa a nan. Tankifa ya ja fayil ya buɗe. Ya tambayi burinsa a rayuwa. Surukin ya ce shi dai yana so yaransa su yi karatu, kuma ƙirjinsa ya fara damunsa da hayaƙin tanda. Sannan ya murza yatsunsa, ya tattaro duk ƙarfin halin da Allah ya ba shi.

"Baba, a gafarce ni. Albashin nan tabbas ne? Don mai gidan burodi ya ce in na tafi akwai mai jiran wurin."

Kalma ɗaya ce ta rage, a'a. Tana bakinsa. Amma in ya faɗe ta, a gaban Manaja zai faɗa, teburin ya tafi. Kuma a gaban mijin 'yarsa zai faɗa, wanda zai gane cewa wata shida Baba yana zaunar da 'ya'yan mutane yana ja musu layi a takardar banza. Ya ce a ransa da yamma zai je gidansu ya yi masa bayani a natse, ai ba abin da zai lalace kafin yamma.

"Wannan za a yi maka cikakken bayani a mataki na gaba," in ji shi. Bakinsa kuma, da ya saba, ya ƙarasa da kansa: "Horo gobe da safe ne. Wanda bai zo ba gurbinsa ya tafi."

Da wani ne, da ya sake tambaya. Suruki ba ya tambayar uban matarsa abu sau biyu. Ya ce, "To, Baba. Allah ya ƙara girma," ya fita da baya.

Tankifa bai ɗauki jaka ba ranar. Bayan la'asar ya nufi gidan Auta yana bitar abin da zai ce. Tun daga soro ya ji dariyarta. Ta fito da cikinta tana ƙoƙarin durƙusawa, ya hana ta.

"Baba, ashe haka kuka ƙulla ba ku gaya min ba! Yanzu aka kira shi, cikin mutum arba'in fa! Ai tun azahar ya je ya sallami gidan burodi. Na ce ya bari a kira tukuna, ya ce tunda Baba ya ce gobe, gobe ce." Ta share ido da gefen mayafi. "Allah ya bar mana kai, Baba. Ba kowa ke da uba irinka ba."

Ta kawo masa ruwa. Ya karɓa ya sha, ya yi wa jikansa wasa, ya ce Allah ya sa alheri. Ya tashi ya tafi da bayanin da ya zo yi.

Da sassafe ya je gidan burodin. Mai wurin, wani ƙato mai garin fulawa har gira, ya saurare shi yana goge hannu. Ya nuna masa tanda, wani ne tsaye a bakinta.

"Ɗan ƙanwar matata ne, shekara guda yana min naci. Yanzu in kore shi in ce me? Wallahi na roƙi surukinka ya tsaya ko mako guda ya ga kamun ludayin wurin. Ya ce min uban matarsa ne ke ɗauka, mutumin da bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba."

Mako biyar suka yi suna wasan ɓuya a ofishi guda. Da safe surukin yana cikin da'ira yana tafi, Tankifa na bayan tebur yana juya fayil. Ya ga rigar ɗaurin auren ta fara koɗewa a kafaɗar da ke ɗaukar jaka. Ya ga takalmin ya buɗe baki. Da ya kai ziyara ya ga babu ledar burodi a kan teburin Auta, ita kuma tana ta cewa ai farkon aiki haka yake, Baba ma haka ya fara. Abin yana cin sa, abinci ma tura shi kawai yake yi.

Wata Alhamis da rana tsaka yana wata unguwa can bayan gari, ya ƙwanƙwasa wata ƙofar ƙarfe. Matar gidan ta leƙo, ta ga jakar, ta balbale shi da faɗa. Ta ce wata biyu da suka wuce wani ɗan uwansu mai talla ya sayar mata da na'urar, kwana tara ta tsage ta jiƙa mata kicin. Ta ce tsoho da shi bai ji kunya ba. Ta buga ƙofar har ƙura ta zubo. Ya juyo yana ɗingisawa, sai ga surukinsa tsaye a ƙofar gidan da ke kallon wannan, da tasa jakar a kafaɗa. An yi kuskure wajen rabon unguwa. Surukin ya ji komai.

Surukin ya tsallako titi, ya durƙusa a cikin ƙura kamar yadda ya saba.

"Sannu da aiki, Baba. Kawo jakar."

Ya zare ta daga kafaɗar Tankifa ya rataya a tasa. Suka jera, surukin yana ɗan ja baya da taku guda. Tankifa ya fara magana.

"Ranar nan da ka tambaye ni..."

"Ba komai, Baba. Ban gaya mata ba. Ba zan gaya mata ba."

Da zagi ya yi, da ya fi sauƙi. Suka kai ƙarshen layin, inda wata bishiya ta yi ɗan inuwa. Surukin ya tsaya ya gyara jakunkunan biyu, idonsa a ƙasa, yana murza yatsu irin na ranar.

"Baba, haihuwar ta kusa, ga shi ba na sayarwa. Manaja ya ce in na kawo mutum uku zai fara ba ni kaso. Na yi wa ƙanena magana, wanda ke gyaran babur, zai zo gobe. Yana ta tambayar albashi, ni kuma ban iya amsar ba. Na ce ya bari ya ji daga bakinka."