Maganar Yaya a Cikin Kaset

Tun tana firamare ake ce mata Aku, ko da yake ita ba mai surutu ba ce. Kunne gare ta. In baƙuwa ta zo gidansu ta tafi, sai ta miƙe ta maimaita duk abin da matar ta faɗa, har da inda ta ja numfashi da inda ta yi tsaki, mutanen gida su yi ta dariya suna riƙe ciki. Mahaifiyarsu ta rasu da wuri, don haka yayarta ce ta rene ta. Ita ke tsefe mata kai, ita ke duba mata aikin makaranta, ita ce kuma ke murɗe mata kunne in ta kwaikwayi wanda bai kamata ba. Da Yaya ta auri wani direban babbar mota, tare da Aku ta tare, kuma a gidan ta girma tare da 'ya'yansu har ta yi nata auren.

Bayan sakandare ta samu aiki a shagon buga takardu. A nan wani mutum mai yawan zuwa ɗab'i ya ji ta wata rana tana kwaikwayon wani tsoho da ya gama yi musu masifa a kan tawada. Ya tsaya ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Abin nan da kika yi da baki, za ki iya yinsa a rubuce?"

Mutumin shi ne ya zama Oganta. Kamfaninsa ɗakuna biyu ne a saman shagon masu facin taya, kullum warin roba na hawowa ta taga. Akwai Injiniya mai haɗa wasan a kwamfuta, akwai Mai Zane, wani dattijo da a da allunan talla yake rubutawa, sai ita. Wasa suke ƙirƙira na 'yar na'urar nan ta hannu da ake zura wa kaset a baya. Mai wasa zai zama wani saurayi matafiyi, ya bi gari-gari, ya yi faɗa da dodanni, ya tsaya ya yi magana da duk wanda ya gani a hanya. Maganar waɗannan mutanen hanya ita ce aikin Aku.

Ranar farko Injiniya ya nuna mata ɗan akwatin da rubutu ke fitowa a ƙasan allo. "Layi biyu yake ɗauka, gajeru. Kowane harafi wuri yake ci a kaset. In mutuminki mai dogon turanci ne, ki sallame shi tun a ƙofa."

Ta koyi yanka magana har sai ta rage ƙashi. Kayan aikinta kuwa a titi take tsintarsu, a cikin bas, a layin kemis, a wurin mai wanki. Wanzamin wasan maganar wani kwandasta yake yi, mai gadin gada kuma ta maƙwabcinta ce mai ƙorafin gwiwa. Ba ta taɓa ganin laifin hakan ba. Mutanen sun zubar da maganarsu ne sun wuce, ita ta ɗauka.

Suna cikin shekara ta biyu da aikin mijin Yaya ya faɗi a tashar mota. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta koma masa da ƙyar. Manyan 'ya'yan suna aiki a nesa, sai autarsu, 'yan mata mai shirin gama sakandare. Jinya ta faɗa kan Yaya. Ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta koma juya shi, goge shi, ba shi abinci a baki. Ta ɗaure masa ƙararrawar tsohon keke a ƙarfen gado ta wajen hannun hagu, don ya kira ta in tana waje. Aku takan zo duk Asabar ta kama mata wanki.

Wata Asabar suna durƙushe a bakin famfo, kumfa har gwiwar hannu, Yaya ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Aku, wani lokaci in ƙararrawar nan ta daɗe ba ta yi ƙara ba, sai in zo bakin ƙofa in tsaya. Ba na shiga. Sai in tsaya ina saurare. Wallahi ban san wanne nake so in ji ba, numfashin ko shirun."

Ta share hanci da bayan hannu, ta ce kar Aku ta kula ta, gajiya ce. Aku ta ce ta sani. Suka ci gaba da cuɗa zannuwa.

A lokacin akwai wani gari a wasan da ya ƙi daɗi. Gari ne da wata cuta ke mayar da mutane dutse a hankali, daga ƙafa zuwa kai. Waɗanda aka ba su gwaji sukan ratsa shi a guje, su sayi makami su wuce. Oga ya yi ta cewa garin ba shi da rai, mutane na zama dutse amma ko a jikin mai wasa. Ranar Litinin Aku ta zauna ta rubuta wata mata a bakin ƙofar wani gida, mijinta na ciki ya zama dutse har ƙirji, an ɗaure masa ƙararrawar keke a gado. Ba ta canza komai a maganar ba, tsawonta kawai ta rage. Akwati uku ta ci.

Mai Zane ya zana matar tana juya wa mai wasa baya. Da aka saka, Injiniya ya karanta, ya cire tabarau ya goge, bai yi barkwancin da ya saba ba. Oga ya juyo ya dubi Aku.

"A ina kika samo wannan?"

"A bas na ji," in ji ta.

Bayan wasu watanni ta samu damar gyara abin, ta bar ta ta wuce. Wasan ya fi ƙarfin kaset. Masu ƙera kaset ɗin suka ce babu mafi girma da za su ba su, don haka dole kowa ya rage nasa. Mai Zane ya yi haƙuri da wani daji da ya sha wahalar zanawa. Aku aka ce ta zaɓi abin da za ta cire da kanta, ba wanda zai tambaye ta dalili. Ta buɗe gidan matar a kwamfuta, ta daɗe tana kallo. Sai ta rufe, ta je ta share wanzamin, ta share rabin 'yan kasuwa, ta share wasu tagwaye masu gardama da ita kanta take so. Ta ce wa ranta Yaya ko yadda ake riƙe na'urar ba ta sani ba. Gaskiyar ita ce a duk abin da ta rubuta babu wanda ya kai wannan, kuma ta san haka.

Wasan ya fito. Bai girgiza duniya ba, amma ya samu masoya, kuma duk wanda ya yi zancensa sai ya ambaci matar bakin ƙofa. Aku ba ta kai kaset gidan Yaya ba. Auta ce, saboda alfahari da Antinta, ta aro na'ura da kaset a wurin wata ƙawarta. Takan zauna a gefen gadon babanta in ta dawo makaranta, ta karkata masa allon, tana wasa tana karanta masa maganganun da muryoyi kala-kala. Yaya ta ce a ranta rabon da ta ji ya yi dariya haka tun kafin ya kwanta.

Aku ba ta san an aro ba. Wata Asabar da la'asar tana shanya a tsakar gida, Yaya na wanke kwanoni kusa da ita, sai ta ji wani siririn kiɗa na fitowa ta tagar ɗakin. Ta san kiɗan, na garin duwatsu ne. Da jiƙaƙƙen zane a hannunta ta tsaya. Ɗakin ba nisa, da ta taka ta shiga ta ce a ba ta na'urar ta nuna musu wani abu, da shi ke nan. Amma ba ta shiga ba.

"Baba, ka ga, su ma ƙararrawar keke gare su," in ji Auta tana dariya. Ta maƙale murya irin ta tsofaffi ta fara karantawa. A akwati na biyu muryar ta koma tata. Na ukun a hankali ta karanta shi, ba ta ma ƙarasa ba.

Ƙarar kwanoni ta tsaya. Kiɗan kawai ke ta zagayawa.

"Auta," in ji Yaya, "kashe abin nan, kar ki cinye wa mutane batir." Ta dubi zanen da ke hannun Aku yana ɗiga a ƙasa. "Ki matse shi da kyau kafin ki shanya."

Yaya ba ta tayar da maganar ba ranar, haka ma Asabar ɗin da ta biyo. Aku ta je wurin Oga ta ce a cire matar. Ya ce kaset ba takarda ba ce, abin da aka buga ya bugu, yana hannun mutane. Ya tambayi dalili, ta ce babu komai.

Sai da aka kwana biyu ta samu Yaya ita kaɗai a kicin. Ta durƙusa ta fara ba da haƙuri, tana cewa ba ta sa suna ba, ba wanda zai gane.

"Mutanen waje ba su dame ni ba," in ji Yaya. Murya ƙasa-ƙasa take magana, tana tsince shinkafa a faranti. "Kin san abin da yake yi yanzu? Da ya ji takuna na doso ƙofa sai ya kaɗa ƙararrawa. Ba abin da yake so. Sanar da ni yake yi yana nan, kar in tsaya jira. Bai ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Tashi, za ki ɓata zanenki."

Ba ta kore ta ba, ba ta kai ƙararta wurin dangi ba. In Aku ta zo za a gaisa, a tambayi yara, a yi zancen tsadar sabulu. Iyakar abin ke nan. Damuwarta yanzu wata maƙwabciya take kai wa.

Aku ta ci gaba da aiki a saman shagon facin. Sun yi wasa na biyu, mafi girma, a na'ura mai launi. Wannan karon daga kanta take ƙago maganar mutanen, Oga kuma yakan ce gishirin ya ragu. Takan ce shekaru ne.

Mijin Yaya bai canza mata fuska ba, wannan kuwa ya fi komai yi mata nauyi. Wata rana tana yanke masa farce, Yaya ta fita kemis, ya yi ta motsa baki har ta gane tambaya yake. Auta ta mayar da na'urar tun ranar, bai ga ƙarshen wasan ba.

"Mijin nan," ya ce da ƙyar. "Ya tashi?"

A ƙarshen wasan, in matafiyin ya kashe dodon da ya kawo cutar, mutanen garin sukan warke. Oga ya so kowa ya warke. Aku ce ta tsaya kai da fata a lokacin cewa wanda cutar ta kai wa ƙirji ba ya dawowa, don ta haka ne mai wasa zai yarda da labarin. Ta yi tunanin ta ce masa eh. Yana kallonta da idonsa ɗaya da ya fi buɗewa.

"Bai tashi ba, Baban Auta."

Ya lumshe ido, ya buɗe. "Matar fa?"

"Tana nan. In ka koma garin za ka same ta a kasuwa, ta kafa teburi tana sayar da fitilu."

Ya gyaɗa kai.

"To, madalla," ya ce, ya miƙo mata ɗan yatsan da ya rage.