Lemon Gida Mai Lamba Tara

Idan kana neman Baba Ba-Zama, kada ka wahalar da kanka zuwa gida. Tsaya a bakin titin da ya bi ta gaban kwaleji, ka ba shi minti goma. Zai wuce ka fuu, leda a hannu, hula a karkace, yana magana shi kaɗai. Ya haura saba'in, amma har yau babu wanda ya sanar da ƙafafunsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da itatuwan kwalejin, kuma tun da ya yi ritaya ya rasa inda zai sa kansa. Ya koma gidan 'yarsa ta fari, mai aikin jinya a asibiti, ya naɗa kansa ɗan aiken gidan ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Shi ne ciko tukunyar gas, shi ne karɓo ɗinki, shi ne kai fanka gyara. Ranar da babu aike kuwa, ƙirƙiro shi yake yi.

"Baba, don Allah ka zauna ka huta," in ji 'yar, kusan kullum.

"In zauna in yi me? Kujerar guduwa za ta yi idan ban danne ta ba?"

Abu ɗaya ne yakan tsayar da shi a da, wato auren itatuwa. Ka yanko ido ɗaya daga reshen lemo mai zaƙi, ka tsaga ɓawon ɗan itacen lemon tsami, ka cusa idon, ka naɗe da leda, ka jira sati uku. Idan ya kama, ka sami uwar nan sak a sabon jiki. Bayan gidan 'yarsa cike yake da gwangwanayen fenti da fasassun bokitai, kowanne da ɗan itacensa, har babu wurin shanya. Sai dai shekara biyu ke nan ruwa kawai yake ba su. Idan an tambaye shi ya ce lokaci bai yi ba. Gaskiyar ita ce hannunsa na dama ya fara rawa, kuma ya gwammace ya mutu da ya faɗi haka da bakinsa.

Garin ma ba ya zama wuri ɗaya. An toshe tsohuwar ƙofar kwaleji, an buɗe wata can gaba mai ƙarfe da na'ura. Shagon da ake buga wa ɗalibai takardu ya koma na sayar da wayoyi. Gidajen da ya sani da tsakar gida da inuwa an yayyanka su ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. Duk wannan Baba yana wucewa ne yana tsaki, bai taɓa tsaya masa a rai ba, sai ranar Laraba da mai aski ya ce masa, aska na bisa kansa:

"Ka ji kuwa za a rushe tsofaffin gidajen ma'aikata? Ɗakunan ɗalibai za a gina. Litinin katafila za ta shiga."

Baba ya tashi da rabin aski.

A gida mai lamba tara ya yi zamansa duka da uwar 'ya'yansa, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce. A bayan gidan akwai lemo guda, kuma ba shi ya aura shi ba. Ita ce wata rana ta gaji da cika bakinsa, ta ɗauki wuƙarsa ta yi nata. Ya yi mata dariya har da riƙe ciki, ya ce ta naɗe shi kamar ƙunshin wanki. Lemon ya kama. Ya zo ya fi duk nasa zaƙi, ga ruwa, ga ƙarancin 'ya'ya a ciki. Idan baƙi suka sha suka yaba, sai ya gyara zama ya ce, "Ai hannu ne," ita kuwa ta dube shi kawai ta ci gaba da aikinta. Ya aurar da itatuwa sun fi ɗari a garin nan, bai taɓa ɗibar ido ko ɗaya daga nata ba. Da farko girman kai ne ya hana shi, daga baya kuma sai gobe, sai gobe. Yanzu idan katafila ta bi ta kansa, shi ke nan, babu irinsa ko'ina.

Ranar Alhamis da sassafe yana bakin sabuwar ƙofa.

"Kati, Baba," in ji maigadi.

"Wane kati? Ɗana, inuwar nan da kake tsaye a ciki ni na dasa ta."

"Allah ya saka da alheri, Baba. Amma na'urar ba ta san wannan ba."

Ranar Juma'a ya koma. Aka ce ya kawo takarda daga ofishin ma'aikata. Ya tambayi inda ofishin yake, aka nuna masa can ciki, bayan ƙofar da aka hana shi wucewa. Ya tsaya yana duban maigadin, maigadin yana duban ƙasa. Ya dawo gida ya kasa cin abinci, ya zagaya tsakar gida ya fi sau hamsin, ya gyara ƙofar da lafiyarta ƙalau.

Ranar Asabar gas ya ƙare, ya ɗauki tukunya ya fita. Yana hanyar dawowa ya ji rugugi daga bayan katangar kwaleji. Bai tsaya tunani ba. Ya saɓa tukunyar ya bi sawun manyan motoci, ya zagaya ta inda aka fasa katanga don shigar da yashi. Babu wanda ya tambaye shi kati, don duk wanda ya ga tsoho da kaya a kafaɗa ya ɗauka aiko shi aka yi.

Gida mai lamba tara ya zama tsibin bulo. Lemon yana kwance a gefe, saiwoyi a sama.

"Ai ba Litinin aka ce ba?" in ji Baba.

Direban katafila ya leƙo. "Mun sami man katafila da wuri, Baba. Da safe muka kwantar da shi. Itacen wuta kake so? Ɗiba."

Baba ya durƙusa. Hannu ya riga shi sanin abin yi. Ya laluba can ƙarƙashi inda rana ba ta taɓa ba, ya kankare ɓawon wani ɗan reshe da farce. Kore shar, da danshinsa. Ya yanko shi, ya tsige ganyen, ya cire hularsa ya tsoma a durom ɗin ruwan magina, ya naɗe reshen a ciki. Ya kama hanya da rabin askinsa a waje, yana sauri kamar an biyo shi.

"Baba, ina tukunyar?" 'yar ta tambaya daga ƙofar kicin.

Ko waiwaye bai yi ba. Ta bi shi can bayan gidan, ta same shi tsugune gaban gwangwani da wuƙa a hannu. Ido biyar ne masu kyau a reshen. Na farko wuƙar ta zarce ta raba shi biyu. Na biyu ya faɗi cikin ƙasa, wuƙar ta haɗa da ɗan yatsansa. Ya tsaya yana duban hannun yana karkarwa, ya kasa ɗaga kai.

"Lemon Inna ne?" ta ce a hankali.

Ya gyaɗa kai.

"Baba, ni fa aikina ke nan, duban hannun mutane. Shekara biyu ina cika maka kofin shayi rabi, kana tsammanin rowa ce?" Ta wanke hannu, ta tsuguna kusa da shi. "Kawo wuƙar. Ranar da ta yi wancan, ni na riƙe mata ledar."

Ta yanka, ta tsaga, ta cusa, sau uku a gwangwani uku. Da ta zo naɗi sai ta dunƙule ledar ta yi mata ƙulli ƙato, ƙunshin wanki sak. Ya buɗe baki zai gyara mata, sai ya rufe.

Tun daga ranar titin gaban kwaleji ya daina ganinsa. Tukunyar gas ma surukinsa ne ya je ya nemo ta. Baba ya jawo kujera can bayan gidan ya danne ta, ƙafa tana rawa, ido kan gwangwani. Yakan miƙe ya kai hannu zai leƙa, 'yar ta daka masa tsawa ta taga, ya koma ya zauna. Da sati uku suka cika suka kwance ledojin. Na farko ya yi baƙi. Na biyu ya bushe. Na uku yana nan kore, ya ɗan kumbura.

Bayan kwana goma mai aski ya zo dubiya da kayan aikinsa, don gari ya ɗauka ciwo ne ya kwantar da tsohon. Ya tarar da shi zaune gaban ɗan toho mai ganye biyu, bai kai tsawon ashana ba.

"Kai, Baba! Ashe hannun nan yana nan yadda yake."

Baba ya sa bakin riga ya goge ido.

"Ba hannuna ba ne," ya ce. "'Yata ce ta yi. Uwar itacen ma ba ni na aura ta ba, uwar 'ya'yana ce. Duk lemon da ka sha a gidana kana yabona, nata ne. Idan ka koma shago, ka gaya wa kowa."