Ina ake kai sauran hanyar Yamai?

Ni ne babban matuƙin jirgin saman Gwamna, ina gaishe ku, mutanen Magariya.

Kwanan baya Kumandan mai mulkin garinmu zai tafi Yamai a jirgin sama da kukunsa Habu, sai uwar Habu ta kafe, ta ce ɗanta ba ya tafiya sai an gaya mata inda za su riƙa kwana.

Habu ya ce, "Inna, babu kwana. Da hantsi mu tashi daga Damagaram, azahar muna Yamai."

Ta ce, "Ubanku wata guda ya yi a kan raƙumi. Sauran hanyar fa, naɗe ta ake yi kamar tabarma?"

Na ga Habu zai rasa aikinsa, na ce, "Inna, akwai zango a sama, har da rijiya."

Ta ce, "Yauwa, ko ku fa!" Ta sa masa albarka.

Kwana biyar Habu ya dawo. Har yau tana ba shi haƙuri, wai bai kai ba.

Gaskiya ni ba matuƙi ba ne, ƙanen Habu ne, ɗan makarantar allo, inuwar jirgi kawai na taɓa gani. Amma masu sani, ku gaya mini, ina ake kai sauran hanyar?